Babi na Uku: Yadda Ake Tambayar Rumbun Bayanan Rigakafi ta Hanyar Burauza a Jihar Kano

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar rumbun bayanai da yadda ake tsara shi. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ma'aikacin da bai karanci ilimin kwamfuta ba yake iya zama a gaban allo, ya buɗe burauza, ya yi wa rumbun tambaya, ya kuma sami amsarsa a cikin jadawali ko zane ko taswira. An zaɓi yin wannan bayani ta fuskar aikin rigakafin yara a Jihar Kano saboda dalilai biyu. Na farko, a Kano ne aka fara gwada sashen rigakafi na manhajar da za a yi magana a kanta. Na biyu kuwa, kuskure a wannan fage ba ya tsayawa a kan takarda, domin idan allo ya nuna an yi wa yaran wata unguwa allura alhali ba a yi ba, to ba wanda zai sake aika ma'aikaci can.

3.1 Nassarawa a Matsayin Matattarar Alƙaluma

Unguwar Nassarawa, wadda Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu a wajen ganuwar birnin Kano bayan zuwansu a 1903, ta daɗe da zama mazaunin ofisoshi da masu riƙe da takardun hukuma. A nan ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909. Shekaru ɗari da 'yan kai bayan haka, sai unguwar ta zama cibiyar wani irin aikin ƙidaya na daban.

Musabbabin wannan shi ne cutar shan-inna. An dakatar da rigakafinta a Jihar Kano a 2003 saboda shakku a kan maganin, ba a kuma ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004. Ya zuwa 2012, daga cikin yara 223 da cutar ta kama a duk duniya, 122 a Nijeriya suke, kusan dukkansu kuma a Arewa. Wannan ya sa aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta ƙasa a Abuja a ƙarshen wannan shekara, daga bisani aka buɗe irinta a wasu jihohin Arewa. Ta Kano tana cikin harabar Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa. Haka kuma ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009, wadda kuma ta taimaka wajen kafa waɗannan cibiyoyi da kula da na'urorinsu, tana da babban ofishinta a kan titin Independence. A wannan shekara ta 2012 ɗin ce dai Gwamnatin Jihar Kano ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Bill da Melinda Gates da Gidauniyar Ɗangote a kan rigakafin yau da kullum, wato wanda ake yi wa jarirai a asibiti tun daga haihuwa, ba na bi gida-gida ba.

Manufar cibiyar ita ce a tara jami'an gwamnati da na Hukumar Lafiya ta Duniya da na UNICEF da sauran abokan aiki a ɗaki guda, su dubi alƙaluma iri ɗaya a lokaci ɗaya. Idan kowane ɓangare ya zo taro da nasa lissafin, rabin zaman kan ƙare ne a kan gardamar wanne ne daidai.

3.2 Manhajar DHIS2 da Yadda Take Aiki

Manhajar da Nijeriya ta ɗauka don tattara bayanan asibitocinta ita ce DHIS2. Asalinta wani shiri ne da aka fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway. Ta farkon da aka yi, a kan kowace kwamfuta ake dasa ta, kowane ofishi kuma da nasa kwafin. Ta biyun, wadda ake shiga ta intanet, an fara amfani da ita ne a Jihar Kerala ta ƙasar Indiya a 2006, a yau kuma ƙasashe fiye da 70 suna aiki da ita. Kyauta ce, ba a sayen lasisinta. A watan Nuwamba na 2014 Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa da abokan aikinta suka fara gwada wani sashe na musamman na rigakafin yau da kullum a cikin wannan manhaja a Jihar Kano, kafin a kai shi sauran jihohi zuwa 2017.

Domin a fahimci aikinta, ya kamata a rarrabe abubuwa uku. Akwai rumbun kansa, wanda ke zaune a cikin wata babbar kwamfuta da ma'aikata ke kira saba. A cikinsa bayanai suna jere ne a jadawaloli masu alaƙa da juna, bisa tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970. Akwai kuma harshen da rumbun yake ji, wato SQL, wanda sai wanda ya koya yake iya rubuta shi. Sai na uku, burauza, irin su Chrome da Firefox, wadda ita ce tagar da ma'aikaci yake leƙawa ta ciki. Abin da manhajar ke yi shi ne tafinta tsakanin ma'aikaci da rumbu. Shi ma'aikaci zaɓe kawai yake yi daga cikin jerin sunaye da ke kan allo, ita kuma ta mayar da zaɓin nasa zuwa harshen rumbu, ta karɓo amsa, ta miƙa wa burauza ta zana. Ke nan wanda ke tambayar ba ya ganin harafi ko ɗaya na SQL.

Fa'idar wannan tsari a bayyane take. A da, idan jami'in ƙaramar hukumar Doguwa ya gyara wani adadi a kwamfutarsa, gyaran ba zai isa Kano ba sai an kawo fayil ɗin a hannu ko an aiko shi ta imel, kafin nan kuwa an riga an rubuta rahoto da tsohon adadin. Yanzu rumbu ɗaya ne, abin da na Doguwa ya shigar shi ne na Nassarawa zai gani, shi ne kuma na Abuja zai gani. Sai dai akwai wani abu da sababbin ma'aikata kan yi tuntuɓe da shi. Manhajar ba daga ainihin inda aka shigar da bayani take ɗebo amsa ba, daga wasu jadawaloli ne na taƙaitawa da take sake ginawa lokaci-lokaci, galibi da dare. Saboda haka adadin da aka shigar da hantsi yana iya ƙin bayyana a zane sai washegari, wanda bai san haka ba kuwa sai ya ɗauka aikinsa ya ɓace, ya sake shigarwa.

3.3 Daga Rajista Zuwa Allo

Kafin adadi ya zama sanda a kan zane, sai da ya bi ta hannaye da dama. Uwa ta kawo jaririnta asibitin sha-ka-tafi ranar allura. Ma'aikaciya ta yi masa, ta rubuta a katinsa, ta rubuta sunansa a rajista, sannan ta ja ɗan layi a takardar ƙirge ta ranar. A ƙarshen wata sai mai kula da asibitin ya tara waɗannan layuka ya cika fom ɗin wata, a kai shi sakatariyar ƙaramar hukuma, inda jami'in bayanai zai buɗe burauza ya shigar da shi. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa kuma da asibitocinta, don haka fom ɗin da ke bin wannan hanya duk wata ba kaɗan ba ne.

Abin lura a nan shi ne, sunan yaro a rajistar asibiti yake tsayawa. Abin da ke shiga rumbu ta wannan fom jimla ce kawai: yara kaza aka yi wa allura kaza a asibiti kaza cikin wata kaza.

3.4 Yadda Ake Gina Tambaya

Kowane adadi da ke cikin wannan rumbu yana rataye ne a kan tambayoyi uku: mene ne aka ƙirga, a ina, kuma yaushe. Duk tambayar da ma'aikaci zai yi, waɗannan gurabe uku yake cikewa. Gurbin "mene ne" yana ɗauke da sunayen allurai da sauran ayyukan asibiti. Gurbin "ina" an tsara shi ne hawa-hawa, daga ƙasa zuwa jiha, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa mazaɓa, zuwa asibiti. Gurbin "yaushe" kuwa yana ba da wata, ko wata uku-uku, ko shekara.

Alal misali, a ɗauki allurar Penta, wadda ta shigo tsarin rigakafin Nijeriya a 2012. Allura ce guda mai kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, ana kuma yin ta sau uku: yaro yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Wanda aka yi wa ta farko aka bar sauran bai sami cikakkiyar kariya ba. A ƙaddara jami'in rigakafi na ƙaramar hukumar Nassarawa yana son ya san inda yara ke ɓacewa tsakanin allura ta farko da ta uku. Zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya buɗe sashen nazari, ya zaɓi Penta ta 1 da Penta ta 3 a gurbin farko. A gurbi na biyu ya zaɓi ƙaramar hukumarsa, amma ya ce a nuna masa ta mazaɓa-mazaɓa, irin su Gama da Dakata da Gwagwarwa da Kawaji da sauransu. A na uku ya zaɓi watanni shida da suka wuce. Da ya danna, sai jadawali ya fito, mazaɓu a jere daga sama zuwa ƙasa, allurai biyun kuma a kwance. Idan ya ga dama yana iya jan watanni ya mayar da su tsaye, ya mayar da mazaɓu kwance, ba tare da ya sake tambayar ba. Shi ya sa ake ce masa jadawali mai juyawa.

Yanzu a dubi abin da rarrabawar ke tonawa. Alƙaluman da za a kawo na misali ne kawai. A ce a wata mazaɓa an yi wa yara 600 ta farko, 570 suka dawo aka yi masu ta uku. Waɗanda suka ɓace 30 ne, wato kashi 5 cikin 100. A maƙwabciyarta kuwa an yi wa 400 ta farko, 280 ne kawai suka kai ta uku. An rasa 120 ke nan, wato kashi 30 cikin 100. Idan aka haɗa mazaɓun biyu aka yi tambayar a dunƙule, amsar za ta zama yara 1,000 da yara 850, wato kashi 15 cikin 100. Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta dace da ko ɗaya daga cikin mazaɓun ba. Ta ɓata wa ta farko suna, ta kuma rufa wa ta biyu asiri. A ƙa'idar masu aikin rigakafi, idan ɓacewar ta haura kashi 10 to akwai matsala, don haka wanda ya tsaya a kan dunƙulallen adadi zai raba ƙarfinsa biyu, alhali wuri ɗaya ke buƙatarsa.

Bugu da ƙari, ba a karanta wannan ma'auni shi kaɗai. Idan yaran da ke zuwa allurar farko suna da yawa amma ba su dawowa, to alama ce ta cewa asibiti yana kusa da jama'a, sai dai wani abu yana hana su komawa. Wataƙila an zo an tarar babu magani, ko an daɗe a layi, ko ba a gaya wa uwa ranar dawowa ba, ko kuma zazzaɓin da yaro ya yi bayan allurar farko ya sa maigida ya hana. Idan kuwa tun allurar farkon ce ba a zuwa, to maganar nisa ce ko ta rashin yarda. Maganin waɗannan biyun ya sha bamban, kuma allo ba zai faɗi wanne ne dalili ba. Iyakarsa ya nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

3.5 Zaɓen Zane

Da zarar an sami jadawali, mayar da shi zane abu ne na danna maɓalli ɗaya. Zanen sanduna ya fi dacewa da kwatanta wuri da wuri. Zanen layi shi ne na bin abu wata bayan wata, a nan ne za a ga, misali, ko zuwa allura yana raguwa da damina lokacin da hanyoyi suka lalace. Taswira kuma tana nuna abin da jadawali ba ya iya nunawa, wato maƙwabtaka: mazaɓu uku da suke warwatse a jerin sunaye za su iya zama a manne da juna a ƙasa, a bayan kogi guda. Ana iya adana waɗannan zane-zane a jera su a kan allon nuni guda, wanda zai riƙa sabunta kansa duk lokacin da sababbin alƙaluma suka shigo. A irin wannan allo an saba amfani da kore da rawaya da ja, kamar dangar hanya.

3.6 Matsalar Gindin Lissafi

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowacce girma, kuma ita ce burauza ba ta nunawa. Idan allo ya ce an yi wa kashi 80 cikin 100 na yaran wata ƙaramar hukuma allura, to lissafi ne mai kai da gindi. Kan shi ne yawan yaran da aka yi wa, wanda ya fito daga takardar ƙirge. Gindin shi ne yawan yaran da ya kamata a yi wa, shi kuwa ba wanda ya ƙirga shi. Kintata shi ake yi daga ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4. Duk shekara sai a ƙara wani kaso na haihuwa, sannan a ɗauki kashi 4 cikin 100 na jimlar a ce su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Tun 2006 kuwa ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi.

Duk wanda ya san Kano ya san cewa garin bai girma bai ɗaya ba. Gonakin da ke gefen Kumbotso da Ungogo sun zama unguwanni, alhali cikin ganuwa ba shi da wurin faɗaɗa. Idan aka ƙara wa kowa kaso ɗaya, dole wani gindin ya yi ƙanƙanta, wani kuma ya yi girma. A ce an kintata jarirai 500 a wata mazaɓa alhali na gaskiya 800 ne. Aka yi wa 600 allura. Allo zai nuna kashi 120 cikin 100, ya yi kore shar, bayan kuwa akwai yara 200 da ba a taɓa ba. Haka nan uwa ba ta duba iyakar mazaɓa kafin ta ɗauki goyonta. Tana iya tasowa daga bayan gari ta zo Asibitin Murtala ko na Hasiya Bayero, sai a ƙirga ɗanta a inda aka yi masa allura, ba a inda yake kwana ba.

Ba hasashe ba ne wannan. A binciken da aka yi na bi gida-gida a 2016 zuwa 2017, inda aka duba katunan yara aka kuma tambayi iyaye mata, an gano cewa kashi 33 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya suka sami Penta ta uku, jihohin Arewa maso Yamma kuma suna ƙasa da haka. Alƙaluman da asibitoci ke aikowa kuwa sun ninka wannan nesa ba kusa ba. Wannan giɓi na daga cikin abin da ya sa aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yau da kullum a 2017. Haka kuma annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta fi kama yaran da ba su sami allurar ba ko ba su kammala ta ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin sifili da gurbin da aka bari fayau. Asibitin da bai yi wa kowa allura ba cikin wata, da asibitin da ya yi wa yara ɗari amma fom ɗinsa bai iso ba, duka biyun suna iya fitowa a zane ba su da sanda. Saboda haka ƙwararren ma'aikaci, kafin ya dubi komai, yakan fara tambayar rumbu asibitoci nawa ne suka kawo rahoto, nawa ne kuma suka kawo a kan kari. Faɗuwar da layi ya yi a wani wata tana iya zama labarin babur ɗin da ya lalace ne a hanyar sakatariya.

Daɗin daɗawa, duk inda aka rataya yabo ko zargi a kan launi, akwai jarabar a rubuta adadin da zai kawo kore. Manhajar tana da ƙa'idojin tantancewa da ke jan hankalin mai shigarwa idan adadi ya fita daga hankali. Sashen rigakafi kuma yana ba da damar a kwatanta yawan yaran da aka ce an yi wa allura da yawan maganin da aka buɗe. Idan yara sun fi magani yawa, to ba sai an faɗa ba. Amma wanda ya daidaita ƙaryarsa ta ko'ina, sai dai a kama shi ta hanyar komawa ga rajista a ƙirga sunaye ɗaya bayan ɗaya.

3.7 Taswirar Sawun Masu Rigakafi

Aikin shan-inna ya samar da wata manhajar ta daban wadda ita ma ta burauza ake duba ta. A da, taswirar da ayarin masu bi gida-gida ke aiki da ita zanen hannu ce, kuma duk rugar da mai zanen bai sani ba, ko ya ɗauka ta maƙwabciyar mazaɓa ce, ba a zuwa mata. Daga wajajen 2012 aka fara zana sababbin taswirori na jihohin Arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana kuma tura ma'aikata su je su ɗauko sunan kowane gari da matsayinsa. Daga nan sai aka riƙa ba ayari wayar hannu da ke rubuta inda take duk bayan minti biyu. Da yamma a tattara wayoyin a sauke abin da suka rubuta, sai sawun kowane ayari ya fito a kan taswira kamar jerin tururuwa. A manyan garuruwa an yanka taswirar gida-gida, kowane gida mita 50 tsawo da faɗi, wanda sawu ya ratsa ya canza launi, wanda bai ratsa ba ya zauna yadda yake. Ta haka kafin zagayen ya ƙare ana iya ganin ƙauyen da aka tsallake a koma masa.

Ita ma tana da iyakarta. Sawu yana nuna cewa waya ta bi ta wani lungu, ba ya nuna cewa an ɗiga wa yaro magani a baki. Shi ya sa ba a bar shafa tawada a yatsan yaro ba, ba a kuma bar tura masu dubawa bayan kowane zagaye ba. Yaran da cutar ta kama a Nijeriya sun ragu zuwa 53 a 2013, da 6 a 2014, na ƙarshe a Jihar Kano kuma an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014. An sake samun wasu a Borno a 2016, kafin a ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta, 2020. Ba daidai ba ne a jingina wannan nasara ga taswira kaɗai, domin sarakuna da malamai da mata 'yan sa-kai da ke shiga gidaje su ne suka buɗe ƙofofin da taswirar ta nuna.

3.8 Izini, Wuta da Harshe

Tun da kowa ta intanet yake shiga, dole a iyakance abin da kowa zai iya taɓawa. Ana ɗaure kowane ma'aikaci ne a kan wani hawa: na ƙaramar hukuma yana shigar da bayanan yankinsa kawai, na jiha yana ganin duka 44. Wani an ba shi ikon dubawa ba na gyarawa ba. Al'adar ara wa abokin aiki kalmar sirri tana rushe wannan tsari, domin manhajar tana rubuta sunan wanda ya canza kowane adadi, idan kuwa mutum biyar ke shiga da suna ɗaya, ba a san wanda za a tambaya ba. Bayanan da ke nuna inda ma'aikata suke bi sun fi buƙatar tsaro, musamman idan aka tuna cewa ranar 8 ga Fabrairu, 2013 an kashe masu aikin rigakafi tara a Kano. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su.

Matsalar wutar lantarki da ta layin sadarwa sananniya ce, kuma ta fi tsanani a ƙananan hukumomin da ke nesa da birni.

Saura maganar harshe. A Nijeriya da Ingilishi ake aiki da wannan manhaja, a Jamhuriyar Nijar kuma da Faransanci, amma mutanen da za su aiwatar da abin da allon ya nuna da Hausa ake magana da su. Idan jami'i ya je gaban hakimi ko dagaci, ba zai ce masa ma'aunin ɓacewa ya kai kashi 30 ba. Abin da zai ce shi ne: "Ranka ya daɗe, a ƙasarka akwai yara 120 da aka fara yi wa allura ba a dawo da su ba." Tambayar da za ta biyo baya ita ce su wane ne, 'ya'yan wa da wa. Wannan kuwa, kamar yadda aka nuna a sashe na 3.3, jimlar da ke cikin rumbu ba ta da amsarta. Sai a koma asibiti a buɗe rajista a fitar da sunayen yaran da na iyayensu da unguwanninsu. A Kano an shigo da masu unguwanni cikin wannan aiki, inda suke rubuta jariran da aka haifa a yankinsu, da taimakon wanzamai da ungozomomi waɗanda ba a yin suna ba da saninsu ba. Daga nan sai a zauna a gwada littafin mai unguwa da rajistar asibiti, duk jaririn da ke cikin wancan ba ya cikin wannan, sai mai unguwa ya aika a kira mahaifinsa.